Wai da gaske ne kowane littafin Hemingway da matarsa?

'Yar Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masu karatun adabin Turawa ku fitar da ni daga duhu. An ba mu A Farewell to Arms mu karanta, sai malaminmu ya ce ma'aikaciyar jinyar da ke cikin labarin mace ce ta gaske da ta yaudari marubucin, Ernest Hemingway, wai shi ya sa ya zama mai auri-saki. Har cewa ya yi kowane babban littafinsa da matar da ya rubuta shi a ɗakinta. Haka abin yake, ko malam ya ƙara gishiri ne don kada mu yi gyangyaɗi a aji?

Kawu Mai Tabarau ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku bai yi ƙarya ba, gishirin ma kaɗan ya barbaɗa.

Sunan matar Agnes von Kurowsky, Ba'amurkiya mai jinya a asibitin Red Cross da ke Milan. A Yulin 1918 bam ya tashi kusa da Hemingway a bakin daga na Italiya, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana raba wa sojoji cakulan da taba, ya yi masa kaca-kaca da ƙafafu. Yana ɗan shekara 19 ya faɗa sonta, ita kuwa tana da 26. Ya koma Amurka da tunanin aure ya kusa, sai ga wasiƙarta a Maris na 1919: za ta auri wani hafsan sojan Italiya. Auren ma bai yiwu ba daga baya, amma aikin gama ya gama.

Abin ya ƙona shi, ba musu. Sai dai ni ban yarda wasiƙa ɗaya za ta ɗauki laifin shekara arba'in ba. Abin da na lura da shi shi ne, daga wannan ranar bai sake barin mace ba sai ya tabbatar ya riƙe wata a ɗaya hannun. Kuma ki duba abin da kowacce ta shigo da shi.

Ta farko, Hadley Richardson, sun yi aure a Satumban 1921. Ta girme shi da shekara takwas, kuma ɗan kuɗin gadonta ne ya riƙe su a Paris lokacin da ba wanda ya san sunansa. A Disamban 1922 ta kwashe rubuce-rubucensa kaf, har da kwafin da ya ajiye, ta zuba a akwati za ta kai masa Suwizalan don ta burge shi. A tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon aka sace akwatin. Har yau ba a gan shi ba. Ki ƙaddara mutum ya yi shekaru yana tara abu, matarsa ta iso tana kuka ta kasa ma faɗin abin da ya faru.

Amma ba akwatin ne ya kashe auren ba, ƙawa ce. Pauline Pfeiffer, 'yar masu kuɗi daga Arkansas, tana aiki da mujallar Vogue a Paris, ta shigo gidan a matsayin aminiyar Hadley, har hutun wasan ƙanƙara ta bi su Ostiriya. Da asiri ya tonu, Hadley ta gindaya sharaɗi: su rabu kwana ɗari ba sa ganin juna, in har son bai mutu ba za ta ba su wuri. Kafin kwanakin su cika ta haƙura. An raba auren a Janairun 1927, a watan Mayu ya auri Pauline. Abu ɗaya na mutunci da ya yi, ya bar wa Hadley da ɗansu kuɗin da littafin The Sun Also Rises ke kawowa.

Littafin da ke hannunki a zamanin Pauline ya fito, 1929. Buɗe shafin farko ki ga wanda aka sadaukar wa: G. A. Pfeiffer, baffan amarya. Shi ya saya musu gida a Key West, jihar Florida, a 1931 kan dala 8,000, shi kuma ya biya kuɗin farautar da suka je Gabashin Afirka a 1933. Pauline ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, duk ta hanyar tiyata, kuma wahalar haihuwar farkon ce ake gani a ƙarshen labarin naku. Sannan a Disamban 1936, a wata mashaya mai suna Sloppy Joe's, ya haɗu da Martha Gellhorn, aka yi wa Pauline irin abin da ta yi wa Hadley.

Maganar mace ɗaya littafi ɗaya kuwa, ba malaminku ya fara ta ba, abokinsa marubuci Scott Fitzgerald ake jingina wa.

Maman Biyu ta amsa:

Kawu, ka tsaya daidai inda labarin ya yi daɗi. Don Allah kada a jera Martha a layin "matan Hemingway" kawai, ita kanta lokacin da take raye ta tsani hakan, har takan ƙi yarda a ambaci sunansa in ana hira da ita. 'Yar jarida ce mai zuwa fagen yaƙi, tare suka yi aikin yaƙin basasar Sifaniya a 1937. Sun yi aure a Nuwamban 1940, shekarar da For Whom the Bell Tolls ya fito da sunanta a shafin sadaukarwa. Gidan Kuba ma, Finca Vigía, ita ta nemo shi ta gyara.

Shi yana son mai zama a gida, ita kuma ta ƙi ajiye aikinta. A 1944 sai ya je ya karɓi matsayin wakilin yaƙi a mujallar Collier's, inda ita take rubutu tun tuni. Ta rasa izinin zuwa Normandy, gaɓar Faransa inda sojojin ƙawance suka sauka a Yaƙin Duniya na Biyu. Me ta yi? Ta shige jirgin ruwan asibiti ta kulle kanta a banɗaki har ya tashi, ta sauka bakin teku tare da masu ɗaukar raunanannu. Shi kuwa daga cikin kwalekwalen sojoji ya hango gaɓar, ba a bar shi ya taka ba. A cikin matansa huɗu ita kaɗai ce ta ce ta gaji ta tafi da ƙafarta, kuma bai taɓa yafe mata ba.

Ɗan Bature ya amsa:

Ni fa ina ga kuna yi wa mutumin shari'a da yawa. Matan nan manya ne masu ilimi, ba wadda aka ɗaure aka kai masa. Pauline ta san mijin ƙawarta ne, Martha ta san yana da iyali.

'Yar Aji Uku ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. To Kawu, ta huɗun fa? Ita ta zauna lafiya?

Kawu Mai Tabarau ya amsa:

Ta zauna dai, lafiyar ce da sauƙi. Mary Welsh wakiliyar mujallar Time ce, ya same ta a Landan a 1944 tun igiyar Martha na kansa, ita ma da mijinta. Suka yi aure a Kuba a 1946. Ita ta ajiye aikin da Martha ta ƙi ajiyewa, ita kuma ta kwashi ragowar: shan giya, zagi a gaban baƙi, da haukan da ya yi kan Adriana Ivancich, wata budurwa 'yar Venice da bai kai ga aure ba, wadda ta zo har gidansu na Kuba ta sauka tare da mahaifiyarta. Suna tare da Mary jirgin sama ya faɗi da su sau biyu a jere a Yuganda a Janairun 1954, shekarar da ya ci kyautar Nobel, kuma jikinsa bai sake komawa daidai ba. Da ya harbe kansa a Ketchum, jihar Idaho, ranar 2 ga Yuli 1961, Mary ta ce wa 'yan jarida tsautsayi ne, sai bayan shekaru ta faɗi gaskiya.

Ɗan Bature, ban ce matan ba su da nasu ba. Amma Hadley ta sake aure a 1933 da ɗan jarida Paul Mowrer, suka zauna har mutuwa ta raba, shi kuwa gogan sai da ya ƙara biyu bayan Pauline. 'Yata, in kin gama wanda aka ba ku ki nemi A Moveable Feast, wanda Mary ta shirya aka buga a 1964. Ki karanta babin ƙarshe ki ga yadda yake yabon Hadley, yake ɗora laifin rabuwarsu kan masu kuɗi da kan Pauline, wadda ta rasu tun 1951 ba ta da bakin kare kanta.