Teburin cin abinci na mutum goma: wane katako, wane awo?

Maman Biyu, Pantami: Assalamu alaikum jama'a. Falon ƙafa 20 ne da ƙafa 14, ana son tebur na zamani mai ɗaukar mutum 10. Masana, ku taimaka da shawara.

Kafinta, Jekadafari: Wa alaikumus salam Hajiya. Kowane mutum a ba shi inci 24 a gefen tebur. Tsawo ƙafa 10, faɗi inci 40: huɗu nan, huɗu can, ɗaya a kowane kai, ga sararin kuloli a tsakiya. Tashinsa daga ƙasa inci 30, kujera inci 18. Tsakaninsa da bango a bar ƙafa 3, in ba haka ba mai wucewa da tire sai ya tashi na zaune.

Mai Walda, Bolari: Malam ya gama magana kan awo. Ni dai a ganina, in ƙafafu huɗu ne kawai a kusurwa a tebur mai tsawon ƙafa 10, tsakiya na iya lotsawa. A yi gindi biyu na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci 2, a haɗa su da doguwar sanda, a shigo da su inci 16 daga kowane kai saboda gwiwa. Kuma da noti za a ɗaure, kar a yi walda gaba ɗaya, don ba zai shiga ƙofa ba.

Kafinta, Jekadafari: Haka ne. Amma babbar matsalar Gombe katako ce. Daga Kudu ake kawo shi da ɗanyensa, hunturu na busawa sai ya tsage ko ya kanannaɗe. A sayi maɗaci ko iroko mai kaurin inci 2, a jera a inuwa da 'yan sanduna tsakani, ya ga hunturu guda kafin a fere. Ramin sukurun da zai ɗaure katakon a kan gindin a yi shi dogo ta gefe, domin katako yana motsi ta faɗinsa. A shafa fenti sama da ƙasa duka, har da maganin gara. MDF kuwa, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ruwan wanke hannu kaɗai ya isa ya kumbura bakinsa.

Maman Biyu, Pantami: Dutsen giranit fa, Malam?

Mai Walda, Bolari: Yana jure tukunya mai zafi, sai dai nauyi. Mai kaurin santimita 2 a wannan girman ya haura kilo 150, dole a ƙara sanduna uku a ƙarƙashi.

Mai Wayarin, Tudun Wada: Hajiya, a duba silin tukuna. Idan fanka na saman tebur, fitilar rataye ba ta da wuri. A matsar da fankar, a rataya fitilu biyu ko uku a jere, inci 32 daga saman tebur, don kar su tsone idon na zaune.