Mene ne "progress bar" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan nuna-saura

1/
Daren jiya ina kwafe wani fayil mai girman gigabait 4 daga wata kwamfuta zuwa tawa ta baƙin allo, wato inda ake rubuta umarni da hannu babu danne-danne. Ƙanina ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya, wannan layin da ke ƙara tsawo fa, me sunansa?" Na buɗe baki zan amsa, sai Turanci ya fito. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi nan mu tattauna.

2/
Ga abin da ya gani, daga manhajar pv, wadda Andrew Wood ya rubuta:

1.20GiB 0:00:41 [29.8MiB/s] [=====>          ] 30% ETA 0:01:35

Daga hagu: abin da ya riga ya wuce, lokacin da aka ci, gudun da ake yi yanzu, sai layin nan mai kan kibiya, sai kashi nawa cikin ɗari, sai kiyasin lokacin da ya rage. Aikin pv ke nan: ka sa ta a tsakanin umarni biyu, duk abin da zai wuce daga wannan zuwa wancan sai ya bi ta cikinta, ita kuma tana ƙirgawa. Haka wget ke zana nasa layin in kana sauke abu daga intanet, curl kuma, mai irin wannan aikin, in ka ƙara masa -# sai ya jera maka alamar # har ta cika faɗin allo.

3/
Na sha ganin an rubuta "sandar ci gaba". Ban yarda da ita ba ko kaɗan. An ɗauki kalma an ajiye kalma ne kawai. Ka ce wa Bahaushe sandar ci gaba, tunaninsa zai tafi wajen wani shirin gwamnati. Ci gaba a bakinmu na ƙasa ne da al'umma da kasuwanci, ba na fayil ba. Sanda kuwa abin riƙewa ce, ba ta tsawo tana gajarta.

"Ma'aunin ci gaba" ya ɗan fi, amma cutar ɗaya ce. Wani abokin aikina ya ce "layin jira". Na yi dariya don akwai gaskiya a ciki, sai dai layin jira ya riga ya zama na mutanen da suka yi sahu.

4/
Sai na tambayi kaina: mai kallon wannan layi, me yake nema? Bai damu da abin da ya wuce ba. Tambaya ɗaya ce a bakinsa: saura nawa? Zan tashi in tafi ne, ko in dakata? Duk wanda ya taɓa sa cp ta kwafe babban fayil ya san zafin rashin amsar nan. Shiru kake ji, allo ba ya motsi, ba ka san tana aiki ba ne ko ta mace. Haka dd, wata manhajar kwafe bayanai, ta daɗe tana yi wa mutane, sai ka buɗe wani allon ka aika mata sigina USR1 kafin ta tanka, har aka ƙara mata status=progress a sigar 8.24 ta coreutils, tarin manhajojin da dd ke ciki, a 2015.

To tunda saura ake tambaya, abin da ke ba da amsa sunansa nuna-saura. Ginin ba baƙo ba ne a Hausa: ɓata-gari, faɗa-wuta, gagara-badau, duk aikatau ne da suna aka haɗa. Ku gwada shi a baki: "Duba nuna-saura, ya kai rabi?" "Nuna-sauran ya tsaya a kashi 90." Yana zama daram.

5/
Akwai inda sunan ya fi na Turancin ma gaskiya. In pv ba ta san girman abin da ke wucewa ba, misali ka haɗa ta da tar, mai ɗaure fayiloli wuri guda, ba za ta iya faɗin saura ba. Sai ka ga wata 'yar alama <=> tana kai da komo a cikin layin, ba kashi, ba kiyasin lokacin da ya rage. Wannan ba nuna-saura ba ne, don ba ya nuna saura. Cewa kawai yake yi ina raye. Ni "kai-da-komo" nake ce masa. Ka ba pv girman da -s, nan take kai-da-komo ya koma nuna-saura.

Kuma nuna-saura na iya yin ƙarya ba da gangan ba. Manhajar kwafe fayiloli rsync da --info=progress2, wanda ya zo a sigar 3.1.0 a 2013, kan kai kashi 60 sannan ya dawo baya, saboda yana kwafewa yana ci gaba da gano sababbin fayiloli. Ka sa --no-inc-recursive, sai ya ƙirga komai tukuna kafin ya fara.

6/
Sai batun gudu, inda kalmomi biyu ke rikita mutane. Bandwidth shi ne iyakar abin da hanya za ta iya ɗauka, throughput kuwa abin da ke wucewa a zahiri. Na farko "faɗin hanya", wannan ba gardama. Na biyu ina son "kwarara", kamar ta ruwa a bututu. Saboda haka nload da iftop da bmon ma'aunan kwarara ne: nload na zana abin da ke shiga da fita, iftop na nuna da wace kwamfuta ake musayar, nethogs kuma ta tona asirin manhajar da ke shanye hanyar. iperf3 daban take, ita cika hanyar take yi da gangan tsakanin kwamfuta biyu don a ga iyakarta.

A kula da b ƙarama, wato bit, da B babba, wato bait. Bit 8 ne bait 1. Layin megabit 100 a daƙiƙa ba zai ba ka fiye da megabait 12.5 ba, don haka in wget ya nuna 11 da 'yan kai, ba cutarka aka yi ba. Na taɓa ɓata rabin yini ina zargin wayar da ba ta da laifi kafin in gane haka.

7/
ETA kuwa ba sai an wahala ba, "sauran lokaci" ya wadatar. Wanda ya rage mini shi ne pipe, alamar | da ke haɗa umarni da umarni. "Bututu" nake cewa, amma wani malami ya ce "mazurari" ya fi, tunda zuba fitar wannan ake yi a bakin wancan. Malamai da 'yan uwa masu zama gaban baƙin allo, wanne kuke ji ya fi zama a baki, bututu ko mazurari?