Tallar gidan haya a Bronx da ke birnin New York, wai "ba a son masu yara"

Maman Hanif: Salam 'yan uwa, ina neman haya a Bronx sai na ga talla wai ba sa son mai yara, ni kuwa uku gare ni. Dama doka ta yarda da haka? Abin ya bata min rai wallahi.

Dan Zango: A'a Hajiya. Dokar gidaje ta Amurka ta 1968 ta hana wariyar launi, addini da asali, a 1988 aka kara masu yara da nakasassu, ko rubuta hakan a talla kadai laifi ne.

Baban Zara: Ki yi sikirinshot yanzu kafin su goge, ki kai kara HUD, wato ma'aikatar gidaje ta Amurka, shekara 1 gare ki.

Maman Hanif: Na dauka, Allah ya saka.