Masu kula da guruf ɗin wasan kwaikwayo na intanet, ya kuke yi mutane ba sa watsewa?

Mai_Jan_Labari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina kula da wani guruf a manhajar hira ta Discord, irin wasan nan da kowa zai ɗauki jarumi ɗaya ya dinga rubuta abin da yake yi ni kuma ina jan labarin. Da mun haura mutum 40, yanzu da ƙyar ake samun bakwai. Abin da ya tsaya min a rai, wata da ke wasa a matsayin mai magani ta turo min saƙo ta ce ta gaji, sai ta zauna ta rubuta sakin layi uku a tsallake ta kamar ba ta yi magana ba, wai mutum uku ne kawai ke juya labarin. Na koma na karanta hirar wata guda, wallahi gaskiya ta faɗa, kuma ɗaya cikin ukun abokina ne da muke admin tare. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya yi.

Takobin_Dare:
Wa alaikumus salam. Mu abin da ya kusa kashe namu shi ne masu yanke wa jarumin wani hukunci, mutum zai rubuta "na kai masa sara ya faɗi matacce", to kai da ka shafe wata huɗu kana gina jarumin nan me ya rage maka? Sai muka sa doka ɗaya, ka rubuta yunƙurinka kawai, sakamako ba naka ba ne. In an yi gardama a jefa dais, ɗan abin nan mai lambobi irin na ludo. Ai ba sabon abu ba ne, wasan kwaikwayo na kan tebur Dungeons & Dragons tun 1974 da dais ake raba gardama a cikinsa, mai fuska 20 ɗin nan, kuma akwai bot, wato 'yar manhaja mai aiki da kanta, irin su Avrae da ke jefawa a Discord kowa na gani. Ko a Telegram in ka tura alamar dais ita kaɗai za ta juya ta ba da lamba daga 1 zuwa 6, ba mai iya zaɓar abin da zai fito.

Amma fa a jefa a fili. Mun taɓa yin wani mai jan labari da yake jefawa a ɓoye ya zo ya ce mana ga abin da ya fito, kullum jarumin budurwarsa ne ke tsira. Ko da gaskiya yake faɗa zargi ya riga ya shiga, mutum shida suka fita a sati ɗaya.

Direba_77:
Ni a ɓangaren wasan bidiyo na GTA V nake, sabobin FiveM, manhajar da mutane ke buɗe saba, wato dandalin wasansu na kansu, wanda Rockstar mai GTA ma ta sayi masu yin sa a 2023. Can dokokin sanannu ne, ba ka kashe mutum haka kawai ba dalili a labari, in jaruminka ya mutu ya farfaɗo ya manta wanda ya kashe shi ba zancen komawa ramuwa, kuma abin da ka gani a bidiyon kai tsaye na wani ba ka amfani da shi tunda jaruminka bai gani ba. Dokoki masu kyau, matsalar wa ke yanke hukunci.

A wata saba ina tuƙa tasi, wani ɗan sanda ya tare ni ya harbe ni ban ko buɗe baki ba, na kai ƙara, ashe wanda zai saurari ƙarar shi ne dai ɗan sandan. Ya dakatar da ni kwana uku wai na raina hukuma. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ba don kwana ukun ba, don ba inda zan kai kuka. Inda nake yanzu admin ɗin da yake cikin rigima ba ya taɓa shari'ar, wani ne daban zai kalli bidiyon, a rubuta hukunci da dalilinsa inda kowa zai karanta, kuma kana iya ɗaukaka ƙara sau ɗaya. Na ga an dakatar da mai sabar da kansa kwana biyu, ranar ne na yarda da su.

Baƙon_Sahu:
Ni dai kar a cika doka. Na shiga wani guruf dokokinsu shafi 14, kafin ka yi motsi an ce ka karya lamba kaza, kwana biyu na yi na gudu.

Uwar_Taurari:
Haka ne ɗan uwa, amma matsalar mai tambaya ba doka ba ce, ba wanda ya karya komai, kawai masu saurin rubutu sun cinye filin. Ni na taɓa zama wannan yarinyar shi ya sa abin ya taɓa ni. Kana can kana gyara jimla kana so ta yi daɗi, kafin ka tura an yi saƙo talatin an bar ɗakin da kake an tafi wani gari, sai ka goge abinka ka yi shiru, gobe ma haka, rannan ka daina buɗewa gaba ɗaya kuma ba wanda zai lura.

Da na karɓi jan labari sai na sa layi a duk fage mai muhimmanci, kowa zai yi nasa kafin na farko ya sake, wanda bai zo ba a jira shi awa 24 sannan a wuce, saboda ba kowa ne agogonsa ɗaya da naka ba, wani yana barci lokacin da kuke tsakiyar yaƙi. Discord ma yana da saitin da ke hana mutum sake turawa sai bayan wasu daƙiƙu ko mintuna, na kunna shi a ɗakin labari kawai, ɗakin hira na bar shi sake. Sai kuma sabon shiga, kar ka ce masa "shigo ka saki jiki" ka tafi, ba zai iya ba. Ba shi wani abu da labarin ba ya tafiya sai da shi. Na ba wani yaro mai kunya wasiƙar da ke ɗauke da sunan maci amanar fada, dole manyan 'yan wasan suka dinga neman sa suna lallaɓa shi, yanzu shi ke jan nasa labarin.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai, wanda ya matsa wa wata sai jarumarta ta yi soyayya da nasa bayan ta ce a'a, ko ya bi ta saƙon sirri. Mata da yawa ba sa kai ƙara, ficewa kawai suke yi. Muna da kalma ɗaya da duk wanda ya rubuta ta fage ya tsaya, ba a tambayarsa dalili.

Mai_Jan_Labari:
Na gode ƙwarai yaya, zancen wasiƙar nan ya buɗe min ido. To abokin nawa fa? Tare muka kafa guruf ɗin, shi ya zana taswirar ma, ina jin nauyin yi masa magana.

Direba_77:
Kira shi ku biyu kar a gaban mutane, kuma kar ka ce "an ce", nuna masa hirar ya ƙirga da kansa sau nawa aka amsa masa sau nawa aka amsa wa mai maganin. Da yawansu ba su san suna yi ba. In ya yarda ku tsara jarumin admin ba ya riƙe sarauta ko babban makami a labari.

Mai_Jan_Labari:
Mun yi magana jiya da daddare, da farko ya ji haushi ya ce ai shi ke raya wajen, da muka ƙirga tare sai ya yi shiru can ya ce a sa wa jaruminsa ciwon da ba mai warkar da shi sai mai maganin. Na tura mata saƙo na ba ta haƙuri na faɗa mata abin da muka canza, ta karanta amma ba ta amsa ba tukuna. Fagen yana nan na bar shi a buɗe, ba wanda zai rubuta komai a ciki sai ta zo.