Tsakanin Super Eagles ta 1994 da ta 2013, wa ta fi?

Ɗan Fagge: Jama'a, a ƙyale son rai. Kofin Afirka da koci Keshi ya ɗauko a 2013 ya fi na 1994 daraja. Ya tafi Afirka ta Kudu da tawagar da ta haɗa da wasu yaran da ke buga wasa a gida, kowa na cewa yawon buɗe ido suka je. Sai ga su sun kori Ivory Coast mai Drogba da Yaya Toure da ci 2-1.

Kawu: Kai yaro, shekararka nawa a 94?

Ɗan Fagge: Ba a haife ni ba, Kawu.

Kawu: To shi ya sa. Mu a tsakar gida muka kalla, an ɗora talabijin kan turmi, ana ta juya eriya. Ranar da Yekini ya ci Bulgariya a gasar cin kofin duniya ya shige raga ya riƙe ta yana kuka, har mata sai da suka yi guɗa. Uku da nema muka yi musu, kuma Bulgariyar nan ta je har wasan kusa da na ƙarshe. A shekarar FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya.

Mai Shayi: Kawu, Allah ya ja da kwana, amma a faɗi sauran. A wasanmu da Italiya an ba ɗan wasansu Zola jan kati, muna gaba da ɗaya, saura minti biyu a tashi, Baggio ya farke. Ƙungiyar da ta kai yadda kuke yabonta ba ta sakin wannan wasa.

Kawu: Kada ka fama min ciwo.

Ɗan Fagge: Kuma Zambiyar da suka ci 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunisiya sabuwar haɗi ce, 'yan wasanta sun rasu a haɗarin jirgi a 1993.

Malama: Ɗan Fagge, ita Burkina Faso da Sunday Mba ya ci ɗaya tilo a wasan ƙarshe na 2013, Brazil ce? Kuma kun manta wanda ya ɗaga kofin 94 a matsayin kyaftin. Keshin ne dai. Kuna haɗa mutum faɗa da kansa.

Mai Shayi: Ƙwarai kuwa, Malama.

Kawu: Abin da ke ci min rai daban ne. A 1996 gwamnatin Abacha ta hana su zuwa kare kofin saboda saɓaninta da Afirka ta Kudu, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, kuma ta hana mu shiga na 1998. Yara suna kan ganiyarsu aka zaunar da su gasa biyu. Wasu daga cikinsu, irin su Amokachi da Okocha da Amuneke, suka tafi Atlanta suka doke Brazil 4-3, Ajantina 3-2.

Ɗan Fagge: Wannan ai Olamfik ce, ta 'yan ƙasa da shekara 23. Ba ta cikin lissafi.

Alhaji: Ina ta karanta ku. Duk ba wanda ya ambaci wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1980, Odegbami biyu, Muda Lawal ɗaya, a Legas, Shagari na zaune.

Mai Shayi: Shi ke nan, Kawu, yau kai ma an mayar da kai yaro.