Abin da muka tsinta kan jita mai kamo tashar rediyo

Ranar Asabar a Gombe, wani ɗan'uwanmu makaɗi ya kawo kuka: da ya taka fedal ɗin jitarsa, wato 'yar na'urar da ake takawa don sauya sautin jita, sai muryar mai labarai ta fito daga amfilifaya. Aka yi dariya, sannan aka zauna shawara.

Mai gyaran rediyo da ke cikinmu ya ce wayar jita ce ke zama eriya, fedal mai ƙara ƙarfin sauti kuma ya ɗaga siginar, musamman ta AM. Don haka a fara da waya: gajeriya, mai rufin ƙarfe a ciki, kuma a duba ko bakinta ya kwance. Nan ne matsalar ta fi yawa, a ganina, domin wayoyinmu duk sun sha ɗauri da salatif.

Wani ya ce a gwada ba fedal ɗin wuta da batir mai bolt 9 maimakon adafta mai araha. In muryar ta ɗauke, an gano ɓarawon. In ta ƙi, a maƙala zoben ferayit, wato zobe mai tare siginar rediyo, kusa da bakin waya, ko a sa ƙaramin kafasita, wato ɗan abin da ke riƙe cajin lantarki, kamar mai awon pF 100, tsakanin mashigar sauti da wayar ƙasa (earth). Ya wuce haka, sautin zai dushe.

Cire wayar ƙasa ta amfilifaya kuwa, kowa ya ce kul, wuta na iya jan mutum.