Kulocin GTI ɗina na zamewa kuma ranar Asabar ne gwajin dayino, in je ko in fasa?

Mai GTI:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Birmingham a Ingila, shekara uku ina aikin dare a sito, ina tara kuɗi kaɗan kaɗan, ban je gida ko sau ɗaya ba, har na sayi Golf GTI ƙirar 2015 mai giyar hannu. Tun ina yaro nake son motar nan, mijin yayata ya ce in sayi Corolla in huta, muka yi wata biyu ba ma magana. Watan jiya na kai wa wani ya taɓa ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya ce daga ƙarfin doki 220 ta kai kusan 300. Kulob ɗinmu ya kama gareji mai dayino ranar Asabar, injin nan da ake ɗaure mota a kan nadi a auna ƙarfinta, na biya kuɗina, kowa ya san zan zo. To shekaranjiya a kan M6, ina giya ta biyar na taka totur, allurar da ke nuna gudun inji ta yi sama amma motar ba ta ƙara gudu ba, sai wani ƙauri. Sau biyu ta yi. Wallahi barci ya gagare ni. Me zan yi?

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kuloci ne, babu wata tantama. Shekara 22 ina wannan sana'a. Kulocin da ta zo da shi an yi shi ne don ƙarfin murɗawar inji (torque) 350 Nm, kai kuma ka sa an ƙara mata ya wuce 400. Dole ya saki. A dayino giya ta huɗu za su sa, su taka har ƙasa, inji ya tashi daga juyawa 2,000 a minti zuwa sama da 6,000, sau uku. Daidai inda turbo ke kawo ƙarfinsa nan zai zame. Lambar da za ta fito ma ƙarya ce, tunda ƙarfin bai isa taya ba. Kada ka je.

Mai E46:
Oga, ba lallai ba ne. Ya fara canza filogi, a matse bakinsu kaɗan, motar da aka taɓa tana son haka. Ni ma haka wani bakanike ya ce min kuloci ne, ya sauke min giyabos, ya riƙe motar sati biyar, ƙarshe ashe koyil ɗaya ne ya mutu. Har yau akwai notina biyu a wurinsa, in na kira sai ya ce yana Zariya.

Ɗan Panteka:
Filogi ba ya sa allura ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba. In filogi ne jijjiga za ta yi tana tari. Ku daina rikita yaron nan.

Mai GTI:
Na gode Oga. Amma fa a giya ta huɗu ba ta taɓa yi min ba, a ta biyar ce kawai, kuma ranar an yi ruwa. Mai taɓa ƙwaƙwalwar ya yi wa mutum uku a kulob ɗinmu, babu wanda ya yi kuka.

Baban Yara:
Wane mai kake zuba mata? Kuma mil nawa ta ci? Ba ka faɗa ba. In don mai lamba 99 aka saita ta, kada ka zuba E10, man fetur na gama-gari mai lamba 95. Sannan ka sanar da 'yan inshora an taɓa motar? A ƙasar nan in ba ka faɗa ba, ranar da wani abu ya faru za su iya ƙin biya.

Ɗan Abuja:
Ku kuna zaɓen mai ma. Mu nan abin da famfo ya bayar shi za ka sha, ka biya da tsada, injin yana ƙara kamar ana buga cokali.

Mai GTI:
Mai 99 nake sa mata yawanci. Zancen inshora zan duba bayan Asabar. Ni abin da nake tambaya, in na roƙe su su yi zagaye ɗaya kawai, zai iya ɗauka?

Ɗan Panteka:
Zagaye ɗaya ya isa ya ƙone shi, ya kuma cinye fuskar fulayiwil, faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, ka ga kuɗin ya ninka. Ko ka koma a mayar da ƙwaƙwalwar yadda take, ko ka sa kuloci mai ƙarfi. Ko yau ka sa sabo, yana buƙatar 'yan ɗaruruwan mil na tafiya a hankali kafin ya zauna. Asabar ba taka ba ce. Ka je ka yi kallo.

Mai E46:
Ni dai in ni ne zan je. Ai dayinon shi zai nuna ainihin ciwon.

Mai GTI:
Oga ba raina maganarka na yi ba, amma mayar da ita baya ba zai yiwu ba, na riga na biya mutumin. Yau na gwada ta a giya ta huɗu sau biyu, lafiya lau ta ja. Akwai wanda ya taɓa hawa dayino da kuloci irin wannan ya sauko lafiya?

Baban Yara:
Har yanzu ba ka faɗi mil nawa ta ci ba.